Mace mai son fara hawa keken dutse: wa zai koya mata, me za ta saya, ina za ta je?

Tambaya: Wata 'yar'uwa da ke karatun digiri na biyu a birnin Edinburgh ta rubuto cewa ta iya keke tun tana yarinya, kuma da shi take zuwa makaranta a can, amma yanzu sha'awar keken dutse ta kama ta, irin wanda ake shiga daji da duwatsu da shi. Tana son sanin wuraren da ya dace ta je, da kayan da za ta saya ganin kuɗinta ba su da yawa kuma tana sa hijabi, sannan ko bitar horo da ake shirya wa mata zalla ta cancanci kuɗin da ake biya.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da karatu, Allah ya ba da sa'a. Kin jero tambayoyinki daga wuri zuwa kaya zuwa horo, amma ni zan fara daga ta ƙarshe, domin a wannan wasa horo ne yake nuna wa mutum irin keken da ya dace da shi, gwanintar da ya samu kuma ita ke yanke masa inda zai iya zuwa ya dawo lafiya. Yawancin matan da na ga sun bar keken dutse tun a watannin farko, ba rashin keke mai tsada ne ya kore su ba. Abin da ya fi faruwa shi ne wani na kusa da su, miji ko ɗan'uwa ko abokiyar karatu, da kyakkyawar niyya, ya ja su zuwa gangaren da ya fi ƙarfinsu tun kafin su san yadda ake tsayawa a kan feda, suka faɗi ko suka firgita, suka ce wannan ba nasu ba ne.

Iya keken titi zai taimake ki wajen daidaita jiki da ƙarfin ƙafa, amma akwai ɗabi'un da kwalta ta koya miki waɗanda dole ki ajiye su. A titi mutum yana zaune a sirdi kusan koyaushe. A turbar daji kuwa, da zarar hanya ta fara gangara ko ta cika da duwatsu da saiwoyi, a tsaye ake tuƙi: feda biyu a daidai da juna, ɗaya gaba ɗaya baya, diddige a ɗan sauke ƙasa, gwiwoyin ƙafa da na hannu a lanƙwashe kuma a buɗe, ƙugu a saman tsakiyar keken, haɓa kusan a saitin inda kan keken ya haɗu da jikinsa. Nauyi duka yana kan ƙafafu, hannaye kuwa riƙo ne kawai na sassauci, ta yadda idan tayar gaba ta daki dutse keken zai yi sama da ƙasa a ƙarƙashinki ba tare da kanki ya girgiza ba. Wannan tsayuwa ita ce tushen komai, kuma mutum ba ya iya ganin kansa yana yin ta. Kusan kowace sabuwa tana ji a ranta cewa ta durƙusa sosai alhali a sandare take, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin biyan wata ta tsaya a gefe ta dube ki, ko ta ɗauke ki bidiyo da wayarki ta nuna miki.

Sai maganar birki. Masu keken gari da yawa suna tsoron birkin gaba, domin tun suna yara aka gaya musu yana kifar da mutum. A gangare kuwa nauyi yana komawa kan tayar gaba, saboda haka birkin gaba ne yake yin mafi yawan aikin tsayar da keke, wadda ta dogara da na baya kaɗai kuma za ta ga tayarta ta kulle tana jan ƙasa, keken yana ci gaba da tafiya yana karkacewa. Abin da ake koyo shi ne matsa su biyun tare a hankali, da manuniya guda a kowane hannu, sauran yatsun suna riƙe da kan keke, ana danna diddige ƙasa don kada jiki ya zube gaba. Ana rage gudu kafin a shiga kwana, a inda hanya take miƙe, sannan a sassauta birkin a cikin kwanar, a kwantar da keken fiye da yadda jiki ya kwanta, ido yana kan mafita. Maganar idon nan ba ƙarama ba ce, domin keke yana bin inda ido ya kafe, wadda ta zuba wa dutse ido don tsoronsa kuwa shi za ta je ta daka.

Akwai wata tsohuwar shawara da har yanzu za ki ji a bakin waɗanda suka koyi wasan a shekarun 1990, cewa idan gangare ya yi tsanani a ja jiki can bayan sirdi. A kan kekunan wancan zamani, masu gajeren jiki da sirdin da ba ya sauka, shawarar tana da hujja. Kekunan yau sun fi tsawo, tayar gabansu ta fi nisa daga mai tuƙi, saboda haka wadda ta koma baya hannayenta za su miƙe sarai, tayar gaba ta rasa nauyin da zai danne ta a ƙasa, ta zame a kwanar farko. Abin da ake koyarwa yanzu shi ne a sunkuya ƙasa a tsakiyar keken, a bar shi ya gangara a ƙarƙashin mutum. Na kawo wannan ne don ki ga haɗarin koyo a hannun abokin da ya daɗe yana tuƙi amma bai taɓa koyon koyarwa ba.

To, dole ne sai bitar mata zalla? A ganina dabarar tuƙi ɗaya ce, abin da za a koya wa namiji game da birki shi za a koya miki. Bambancin yana wajen yanayin koyo. A taron da maza suka fi yawa akan samu gasa ta ɓoye, kowa yana son a ga shi ya fara tsallake ramin, mace ɗaya ko biyu da ke ciki kuma sukan haɗiye tambayarsu don kada a ce su ke jan ayari baya. A cikin mata an fi samun damar cewa "ban gane ba, a sake", kuma ganin mace mai girman jikinki ta sauko daga dutsen da kike tsoro yana cire shakkar da dogon bayani ba zai cire ba. Ga musulma akwai ƙarin sauƙi, tunda mai horarwa kan buƙaci riƙe keken ko gyara miki kafaɗa da gwiwar hannu yayin da kike gwada tsayuwa. Saboda haka ina ganin kuɗin bitar farko ba asara ba ne. Amma idan zaɓin da ke gabanki shi ne tsakanin bitar mata da mai horarwar ba ta ƙware ba da bitar gama-gari mai ƙwararren malami da ɗalibai kaɗan, ta biyun ta fi amfani, muddin hankalinki ya kwanta da ita.

Irin waɗannan shirye-shirye sun daɗe. A gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, inda wasan ya samo asali a shekarun 1970, Jacquie Phelan, wadda ta yi zarra a tseren mata a shekarun 1980, ta kafa ƙungiyar WOMBATS don jawo mata cikin wasan ta hanyar fita tare da koya wa juna. Daga baya aka samu Dirt Series, wanda ya taso daga lardin British Columbia yana yawo da sansanonin ƙarshen mako a Kanada da Amurka, da Ladies AllRide na Lindsey Richter daga garin Bend a jihar Oregon, da Little Bellas da aka fara a jihar Vermont a 2007 don ƙananan 'yan mata. A Birtaniya, inda kike, hukumar British Cycling tana da shirin Breeze tun 2011, wanda mata 'yan sa-kai ke jagorantar 'yan'uwansu mata a fita kyauta, akwai kuma Cycle Sisters, ƙungiyar mata musulmi da ta fara a Landan a 2016. Waɗannan biyun sun fi karkata ga titi da hanyoyin shaƙatawa, kuma ki lura cewa jagorar fita daban, mai horarwa daban. Ta farko aikinta ta kai ku ta dawo da ku lafiya, ta biyu ita ce aka horar ta gano kuskuren jikinki ta gyara shi. Duk da haka a irin waɗannan taruka ne ake samun abokan tafiya, kuma daji ba wurin da sabuwa za ta shiga ita kaɗai ba ne.

Kafin ki biya, ki tambayi mai horarwar ko tana da shaidar koyarwa daga wata sananniyar hukuma, kamar British Cycling ko PMBIA ko BICP, da shaidar taimakon gaggawa. Ki tambayi mutum nawa ne a rukuni. Idan sun haura takwas ga malama ɗaya, yawancin yinin a layi za ki ƙare shi. Ki kuma faɗi matsayinki tsakani da Allah a takardar rajista, domin da ita ake raba rukunoni. Alamar bita mai kyau ita ce ba ta farawa a kan dutse. Za ki ga an jera ƙananan robobi masu launi a wani fili mai ciyawa, an sa manyan mata suna zagaya su a hankali har wajen awa guda, ko an shimfiɗa katako mai kaurin tafin hannu ana sa su hawa su sauka, su dawo su sake, malamar tana tsugune a gefe tana kallon diddigensu. Wasu kan ji haushi su ce ba don wannan suka biya ba, amma abin da jiki ya maimaita a fili shi zai yi da kansa ranar da tsoro ya hana kai tunani. Bayan bitar ki ba kanki watanni kina maimaita abin da kika koya a turba mai sauƙi, sannan ki koma ta biyu, inda za a shiga ɗaga tayar gaba da saukowa daga ƙaramin tudu mai yanke.

Game da kaya, shawarata ita ce kada ki sayi keke kafin bitar farko. Ki yi haya, ki gwada girma biyu idan an yarda, domin yini guda a kan keke zai gaya miki abin da takardar awo ba za ta gaya miki ba. Kekunan dutse iri biyu ne a dunƙule, mai shokozoba a gaba kawai da mai ita gaba da baya. Ga mai ƙaramin aljihu na farkon ya fi, saboda ya fi sauƙin nauyi da gyara, kuma kuɗin da za a kashe a shokozobar baya ya tafi wajen birki da tayoyi masu inganci. A kasuwar Birtaniya ta 'yan shekarun nan, fam 700 zuwa 1,000 yana sayen sabo wanda zai yi miki shekaru, na hannu kuma ƙasa da haka, sai dai ki duba lambar jikinsa a rajistar BikeRegister don kada ki sayi na sata, ki kuma duba ko akwai tsaga kusa da wuraren walda. Waɗancan masu sifirin gaba da baya da ake sayarwa da arha a manyan kantunan kayan masarufi kuwa, ki wuce su. Araha ba ta ado, nauyi ne da su, kuma birkinsu ba ya riƙe doguwar gangara.

Abin da za ki nema shi ne shokozobar gaba mai aiki da iska, wadda ke nutsewa milimita 120 zuwa 130, da birki mai faifai mai aiki da mai, da giya mai faranti ɗaya a gaba, wadda ta rage miki tunanin hannun hagu kuma sarƙarta ba ta yawan faɗuwa. Idan da hali ki ƙara sandar sirdi mai sauka da tashi, wadda kike danna wani ɗan maɓalli da babban yatsa sirdin ya nutse ƙasa kafin gangare ya dawo sama kafin hawa. Ban san wani ƙarin kaya da yake sauya tuƙin sabuwa kamar wannan ba, musamman ga gajerar mace, domin yana kawar da sirdin daga hanyar ƙugu kuma yana ba ta damar dira ƙafa a ƙasa nan take. Wili kuwa yanzu inci 29 ne ko 27.5, babban ya fi tsallake duwatsu cikin sauƙi, amma mace gajera takan ji tayar baya tana taɓa ta a gangare mai tsanani, shi ya sa kamfanoni da yawa ke sa ƙaramin a kan ƙananan kekuna.

Za ki ci karo da kekunan da aka rubuta wa "na mata". Kamfanin Giant yana da reshen Liv da ke ƙera jikin keke na musamman don mata, Santa Cruz kuma yana da Juliana, mai ɗauke da sunan Juli Furtado wadda ta ci gasar duniya ta farko a Durango a 1990, inda jikin keken ɗaya ne da na maza amma sirdi da saitin shokozoba daban. Wasu manyan kamfanoni, irin su Specialized da Trek, sun daina raba jikin keke tsakanin maza da mata, bisa hujjar cewa bambancin tsawon ƙafa da gangar jiki tsakanin mace da mace ya kai wanda ke tsakanin mace da namiji. Ni ina tare da wannan hujja. Keke kamar ɗinki ne, tela ba sunan da ke jikin yadi yake dubawa ba, jikin mai kayan yake aunawa. Wuraren da jikinki ke taɓa keken su ne abin dubawa, kuma kusan dukkansu ana iya gyara su da kuɗi kaɗan.

Ki fara da hannun birki. Ki sassauta notinsa ki tura shi ciki har sai manuniyarki ta faɗa daidai kan lanƙwasar ƙarshensa, sannan ki juya ɗan ƙaramin sukurun da ke jikinsa don ya matso kusa da kan keke, ta yadda gaɓar farko ta yatsan za ta kama shi ba tare da kin buɗe tafin hannu ba. Mata da yawa masu ƙananan hannaye suna kuka da ciwon damtse a gangare, alhali matsalar wannan sukurun ce kawai. Kan keke kuma yakan zo da faɗin milimita 780 ko 800, wanda ya yi wa mace mai matsakaicin jiki yawa. Galibi 740 zuwa 760 ya fi, amma a riƙa yankewa kaɗan kaɗan daga kowane gefe, tunda abin da aka yanke ba ya dawowa.

Shokozoba ita ce inda aka fi cutar mata marasa nauyi, domin daga shago takan fito da iskar da ta dace da namiji mai kilo 75 ko 80. Mace mai kilo 55 ta hau, ƙarfen bai ko motsa ba, duk dukan duwatsu ya ƙare a wuyan hannunta. Gyaran ba wuya. Akwai wani ɗan zoben roba a jikin sandar shokozobar. Ki sa duk kayan da za ki fita da su har jakar ruwa, wata ta riƙe miki keken, ki hau ki yi tsayuwar tuƙi, a tura zoben ƙasa ya taɓa bakin shokozobar, sannan ki sauka a hankali ba tare da kin danna ba. Tazarar da zoben ya bari ita ce nutsewar da nauyinki ya jawo. A gaba ana son kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na dukan tsawon nutsewar, wato kimanin milimita 18 zuwa 24 a shokozoba mai 120, a baya kuma, ga mai ita, kashi 25 zuwa 30. Ana ƙara iska ko rage ta da wani ƙaramin famfo na musamman, ba na taya ba. Idan an rage iska sai a kuma sassauta jan maɓallin da ke sarrafa saurin dawowarta, in ba haka ba za ta riƙa nutsewa ba ta gama tasowa ba kafin dutse na gaba. Haka ma taya: iskar da ake duƙa wa keken titi ta yi mata yawa. Idan tayar mara tif ce, wadda ake zuba wa farin ruwan roba da ke toshe huda da kansa, mace mai kilo 55 zuwa 60 tana iya farawa da awo 19 zuwa 22 na psi, wato ma'aunin matsin iska, na baya ya ɗan fi na gaba, ta riƙa gyarawa daga nan.

Sirdi ana zaɓensa ne da faɗin ƙasusuwan zama, kuma shagunan keke da yawa suna auna shi kyauta da wani matashi da ake zama a kai. Mai laushi sosai yana da daɗi a minti goma na farko, amma a doguwar tafiya jiki yana nutsewa cikinsa, matsi ya koma inda bai kamata ba. Ana sa gajeren wando mai soso a ciki, ba tare da wani kamfai a ƙarƙashinsa ba, a wanke shi bayan kowace fita. Feda kuwa ki fara da mai faɗi mai ƙananan ƙusoshi, da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasan roba; wadda ke maƙale takalmi ta jira har sai kin ƙware.

Hular kwano ba a sayen ta hannu, domin kumfar cikinta sau ɗaya take aiki, wadda ta taɓa shan duka ta gama yayinta ko da ba a ga tsaga ba. Ki nemi mai hatimin EN 1078 na Turai, mai rufe ƙeya, ki kuma gwada ta da hijabin da za ki riƙa fita da shi a kanki. Hijabin ya zama na wasanni, siriri mai shan gumi wanda ake zurawa, babu allura ko fil ko kaɗan, a tura gefensa cikin riga don kada reshe ya kama shi, a kuma ɗaure gashi can ƙasa kusa da wuya don hular ta zauna daidai a goshi. Wajen sutura kuwa wannan wasa ya fi keken tseren titi sauƙi a gare ki ƙwarai, domin riga mai dogon hannu mai walawa da dogon wando su ne kayan da masu gangaren dutse ke sawa, maza da mata. Riga mai kaiwa cinya ba matsala, amma abaya ko siket mai jan ƙasa haɗari ne, yana shiga sarƙa ko ya kama hancin sirdi lokacin da kike son tashi tsaye. Ki ƙara da safar hannu mai rufe yatsu, da kariyar gwiwa, da tabarau. Idan kuma kin taɓa faɗuwa kanki ya bugu, kika ji jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya, tuƙin ranar ya ƙare, sai ganin likita.

Yanzu sai wurare, kuma a nan kin yi sa'a, domin ɗaya daga cikin wuraren koyo mafi kyau a Turai yana kusa da ke. Dajin Glentress, kusa da garin Peebles a kwarin kogin Tweed, bai fi tafiyar awa guda a mota daga Edinburgh ba. Yana cikin cibiyoyi bakwai na kudancin Sikotlan da ake kira 7stanes, yana da turbobi na kowane mataki, da filin gwaji, da shagunan haya da masu horarwa a kewayensa. A nan aka yi gasar duniya ta tseren ƙetare daji a watan Agustan 2023, inda Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta lashe ta mata, shekara guda kafin ta ci zinare a gasar Olamfik ta birnin Faris. Ki yi kakar farko gaba ɗaya a turbobin wurin masu alamar launin kore da shuɗi, waɗanda su ne mafi sauƙi. Innerleithen da ke gaba kaɗan da Fort William a arewa, inda aka yi shekaru ana gasar gangare ta duniya daga 2002, su jira tukuna. Ki kiyayi jiƙaƙƙun saiwoyi, a kan su ba a taɓa birki kuma ana ƙetare su a miƙe, ki kuma tuna cewa a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a can. Idan kin samu hutu, Coed y Brenin da BikePark Wales a yankin Wales ma suna da turbobin da aka tsara daki daki.

Launukan turba suna buƙatar kulawa, domin ba ɗaya suke a ko'ina ba. A Birtaniya da tsaunukan Faransa jerin daga mafi sauƙi zuwa mafi wahala shi ne kore, shuɗi, ja, baƙi. A Amurka da Kanada daga shuɗi sai baƙi, sannan baƙi mai alama biyu, kuma a Whistler jan launi na ƙwararrun ƙwararru ne, saboda haka wadda ta saba da jan Glentress kada ta ruɗu. Ko launi ɗaya ma, shuɗin tsaunin Alps ya fi na dajin Sikotlan tsawo da tsanani. Wani abin da ya fi wannan haɗari shi ne hannun birki. A Birtaniya da Niyu Zilan birkin gaba yana hannun dama, a Amurka da Kanada da yawancin ƙasashen Turai kuwa yana hagu. Duk inda kika yi hayar keke a waje, ki matsa kowane hannu ki ga tayar da ya kama kafin ki bar shagon, ki sa a juya miki su yadda kika saba.

Bayan shekara ɗaya ko biyu, wuri na farko da zan ce ki nufa shi ne yankin Portes du Soleil a kan iyakar Faransa da Suwizalan, wato garuruwan Morzine da Les Gets da Champéry, inda kujerun da ke rataye a igiyar ƙarfe suke ɗaukar mutum da kekensa zuwa saman dutse daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba. Amfanin irin wannan wuri shi ne a yini guda za ki yi gangaren da zai ɗauke ki makonni idan da ƙafa kike hawa, amma a nan sai da hular kwano mai rufe haɓa da keken haya mai shokozoba biyu. Finale Ligure a gaɓar tekun Italiya yana buɗe kusan duk shekara, sai dai duwatsunsa ba su da sassauci ga sabuwa. Idan fasfonki na Najeriya ne ko Nijar, bizar karatunki ta Birtaniya ba ta shigar da ke waɗannan ƙasashe, sai kin nemi ta Shengen, kuma ki karanta takardar inshorar tafiya da kyau, domin da yawa suna cire gangaren dutse daga abin da suke biya.

Whistler a Kanada, kimanin awa biyu a mota daga Vancouver, shi ne wanda sunansa ya fi tashi, kuma tun da aka buɗe shi a 1999 aka tsara turbobinsa ta yadda mutum zai riƙa hawa mataki mataki, daga kore mai faɗi zuwa turbar A-Line mai jerin tsalle. Moab a jihar Utah ta Amurka kuwa hamada ce ta jan dutse. Shahararriyar turbarta ta Slickrock, wadda masu babur suka shata a 1969, tana da tsawon kimanin kilomita 17 a kan tsurar dutse, ana bin fararen layukan fenti, kuma duk da sunan da ta yi ba ta masu farawa ba ce, ga zafin Yuli da Agusta da ke sa mutane zuwa a Afrilu ko Oktoba. Kuɗin zuwa waɗannan biyun zai biya miki bita da yawa, shi ya sa ba na gaggawar tura ɗaliba can.

A nahiyarmu, lardin Western Cape na Afirka ta Kudu ya fi ko'ina turbobin da aka gina, musamman kewayen Stellenbosch, kuma a can ake tseren Cape Epic tun 2004, na kwana takwas, mutum biyu biyu. Ruwanda tana da hanyar Congo Nile Trail mai kimanin kilomita 227 a gefen tafkin Kivu, daga Rubavu zuwa Rusizi, wadda ba gwanintar tsalle take nema ba, ƙarfin hawan tudu da juriya take nema. A Kenya ana hayar keke a ƙofar gandun dajin Hell's Gate kusa da Naivasha, a bi hanyar ƙasa tsakanin jakunan dawa da raƙuman dawa, kuma ko sabuwa tana iya yin ta.

Idan kin kammala karatu kika dawo gida da kekenki, tudun Jos da duwatsun kewayen Abuja suna da ƙasar da ta dace da shi, sai dai turbobin na manoma ne da makiyaya, babu launi babu allo, saboda haka sai da 'yan gari da suka san wurin da halin tsaronsa, da kuma neman izini kafin a ratsa gonar wani. Dutsen wurin yana riƙe taya sosai idan ya bushe, da ruwa ya taɓa shi kuwa sai santsi. Ƙaya za ta sa ki gode wa taya mara tif, amma zafi yana busar da ruwan robar da wuri, sai kin riƙa dubawa kina ƙarawa, ƙurar hunturu kuma tana buƙatar man sarƙa busasshe wanda ba ya tara datti. Ki taho da takalman birki na ajiya da sarƙa da ɗan ƙarfen da ke riƙe giyar baya, wanda kowane keke yake da irin nasa. Ki kuma san irin man da birkinki ke sha kafin ki kai shi wurin mai gyara: na Shimano man ma'adinai ne na musamman, idan aka zuba masa man birkin mota robobin cikinsa za su kumbura su lalace, sai dai a sayi sabo.